Cinikin Wata-Wata a Waya: A Auna Alkawari da Watan Wahala

Ina gaida mutanen Dangoma da Gayi. Ina gaida na Kalgo, da Diggi, da Zuguru, har zuwa Gwandu. Iyayenmu mata da ke saurare hannu na kan aiki, sannunku da ƙoƙari. Matasa masu waya a hannu, ku matso kusa, yau maganar ta fi shafar ku.

Maganar kasuwa ce. Akwai wani salon ciniki da ya bazu a shagunan intanet. Mai saye ba ya dawowa kullum ya zaɓi kaya. Sau ɗaya yake amincewa. Ya ce, duk wata a kawo mini kaza, a karɓi kuɗi kaza. Daga nan kaya su riƙa zuwa, kuɗi su riƙa tafiya, har ranar da ya ce ya isa. Shi ne cinikin wata-wata.

Da yawanmu mun san shi ta wata fuska. Mai DStv ko StarTimes a gida yana biya duk wata. Mai sayen datar wata ma haka. Bambancin shi ne, yanzu ana yin sa da kayan da ake ɗauka a hannu. Kamfanin Amazon na Amurka ya fara irin wannan tsari a 2007, da sabulu da kayan masarufi. Yau ɗan kasuwa mai ƙaramin jari ma zai iya kafa shi da wayar da ke aljihunsa.

Ra'ayina a kan wannan ɗaya ne, kuma zan maimaita shi har mu rabu. Wannan ciniki zai iya amfanar mutanen Dangoma. Amma mai shiga cikinsa ya auna alkawarinsa da watan wahala. Kada ya auna shi da watan kaka.

To, bari mu fara daga gida.

Wannan ciniki ba baƙo ba ne a wurinmu. Ku dubi mai nonon da ke shiga gari da ƙwaryarta. Tana da gidajen da ba ta yi musu talla. Ta san gidan da ake karɓar na fura kullum da hantsi. Ta san gidan da ke son man shanu ranar Alhamis saboda tuwon Juma'a. Wani gidan a biya ta nan take. Wani sai ƙarshen mako. Idan ta kwana biyu ba ta zo ba, uwar gida za ta aika a tambaya ko lafiya. Babu takarda a tsakaninsu, amma kowa ya san abin da ke kansa.

Malamanmu ma sun daɗe da sanin sa. Wanda ya yi karatun Muhtasar Halil a zaure ya ci karo da shi a babin salam. Malaman Malikiyya sun halatta mutum ya ƙulla ciniki da mai sana'ar da ba ta yankewa, kamar mahauci ko mai gasa burodi. A yanke farashi. A yanke abin da zai riƙa karɓa kullum. Suna kiran sa cinikin mutanen Madina. Shi kuwa salam, shi ne a biya kuɗi yanzu, kaya su zo daga baya. Sharuɗɗansa a bayyane suke. A san irin kayan. A san awonsu. A san ranar da za a kawo. A ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, ba a rasa malamin da zai warware wa mutum wannan babi. Kafin ka buɗe shago, je ka zauna gabansa ka tambaya.

Me intanet ta ƙara, ke nan? Ta ƙara nisa. Mai nono tana ganin fuskar uwar gida. Kai kuwa mai sayenka yana iya kasancewa a Abuja, bai taɓa ganin ka ba. Kuɗinsa sun riga kayanka tafiya. Abin da ya riƙe kawai shi ne maganarka.

Yanzu mu juya ga tambayar da na san tana ran wasu. Wa zai saya?

Masu saye suna kusa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a nan ƙasar Kalgo take. Akwai malamai, akwai ma'aikata, akwai ɗalibai. A Birnin Kebbi akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Akwai ma'aikatan asibitin Sir Yahaya, da na sakatariya. Mutane ne masu albashi. Kuɗinsu wata-wata yake zuwa, kuma lokacin zagayen kasuwa ya yi musu kaɗan. Sai kuma 'yan Kebbi mazauna Kaduna da Abuja da Legas, waɗanda bakinsu bai saba da wata shinkafa ba sai ta gida. Tun da jihohin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar Lake Rice a ƙarshen 2016, sunan shinkafarmu ya shiga kunnen mutanen kudu. Wannan suna jari ne, kuma ba a saye shi da kuɗinka ba. Kada ka ɓata shi.

To, yaya ake kafa shi? Ku biyo ni sannu a hankali.

Ka fara da kaya ɗaya. Kayan da ke ƙarewa a gida kowane wata, kuma ba sa lalacewa a hanya. Kindirmo yana da daɗi, amma ba ya jure tafiya. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kafin ya isa ya yi tsami. Idan za ka yi na kindirmo, tsaya iyakar Kalgo da Birnin Kebbi, inda ɗan kabu-kabu zai kai shi da sanyin safiya. Man shanu soyayye daban ne. An soya shi da albasa, an tace, an zuba a kwalba mai tsabta, an ɗaure baki. Wannan zai kai Abuja lafiya. Shinkafa ma haka, da kuka, da daddawa, da busasshen kifi.

Sai ka faɗi awo ƙarara. Kada ka rubuta man shanu kawai. Wace kwalba? Soyayye ko ɗanye? Idan shinkafa ce, mudu nawa, ko kilo nawa? An tsince tsakuwa ko ba a tsince ba? Ɗauki hoton ainihin kayanka, a hasken rana, ba hoton da ka samo a wani wuri ba. Abin da mutum ya gani a waya, shi zai gani a buhu.

Sai rana. Zaɓi ranar da ta biyo bayan albashi da 'yan kwanaki. Ka ce, misali, duk biyar ga wata kaya za su tashi. Ranar nan ta zama taka. Ko biki ake yi a gidanku, kaya su tashi.

Shagon kansa ba sai ya zama babba ba. Manhajar WhatsApp Business tana da wurin jera kaya da hoto da farashi. Wannan ya isa mai farawa. Wanda ya ƙara girma, akwai kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave. Za ka buɗe asusu da su. Ka rubuta sunan tsarin, da kuɗinsa, da tsawon lokacin da za a riƙa cira. Su ba ka adireshin da za ka tura wa mai saye. Ya biya na farko da katinsa na banki. Daga nan, duk wata na'ura ce ke cira da kanta. Kai ba ka ganin lambar katinsa. Su kuma suna ɗaukar kasonsu a kan kowane ciniki, don haka ka sa wannan a lissafi tun farko. Idan abin ya kankama, ka yi rajistar sunan kasuwancinka da hukumar CAC. Abincin da aka ƙulle aka manna masa suna kuwa, hukumar NAFDAC tana da magana a kansa. Ka neme su kafin su neme ka.

Ga wani abu ƙarami da ke gina amana. Ka kai kaya tasha. Ka ba direba. Kafin ka juya, ɗauki hoton buhun da sunan mai shi a rubuce a jiki. Ɗauki hoton lambar motar. Tura wa mai saye, haɗe da lambar wayar direban. Minti biyu ne. Amma mutumin da ke can yana jira, hankalinsa ya kwanta. Ka kuma sami littafi na takarda. Suna, ranar biya, ranar aikawa, ranar isa. Waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata, caji yana ƙarewa. Littafi yana nan.

Jama'a, yanzu mun zo inda maganar take da nauyi.

Kafa shago ba shi ne wuya ba. Yaro mai wayo zai gama shi a yini ɗaya. Wuyar tana cikin wata na huɗu, da na biyar, da na bakwai.

Ku ɗauki man shanu. A damina ciyawa ta fito, shanu sun ƙoshi, nono ya yi yawa. Mai shiga ciniki a wannan lokaci zai ga kamar zai iya ɗaukar gida hamsin. Sai bazara ta zo. Ƙasa ta bushe. Garke ya yi nisa wajen neman kiwo. Saniyar da ke cika ƙwarya ta koma ba da ɗan abin da maraƙi ma bai ƙoshi da shi ba. Man shanu ya yi tsada, ya yi wuyar samu. Gidaje hamsin ɗin nan kuwa suna nan, kuma kuɗinsu sun riga sun shigo. Me za ka yi? A nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum ya haɗa da wani mai. A nan ne kwalba ke raguwa ba a faɗa ba. Ranar da ka yi haka, ka karya abin da iyayenka mata suka shekara da shekaru suna ginawa. Shi ya sa na ce a auna alkawari da watan wahala. Tambayi kanka, a watan Afrilu kwalba nawa zan iya samu ba tare da algus ba? Idan goma ce, to masu sayenka goma ne. Rarar damina ka sayar da ita a kasuwa kamar yadda aka saba.

Ku ɗauki shinkafa. Ba mu manta da ambaliyar 2020 ba. Ruwa ya shanye fadamu a faɗin jihar nan, gab da girbi. Manoma sun tsaya suna kallon gonakinsu sun zama tafki. A ce a shekarar ka yi wa mutane alkawarin shinkafar gonarka duk wata. Da me za ka cika? Malaman fiƙihu sun hango wannan tun da daɗewa. Sun hana a ɗaure cinikin salam a kan amfanin wata gona guda, saboda gona tana iya ƙin bayarwa. Ka siffanta irin shinkafar, ka ɗauki nauyin kawo ta, daga gonarka ko daga kasuwa. Kuma tun da kaka ka ajiye buhunan da za su kai ka watan Agusta da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hanya ta lalace.

Ku ɗauki kuɗin mota. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Kafin mako ya zagayo, kuɗin kai kaya ya tashi. Wanda ya riga ya karɓi kuɗin shekara a tsohon farashi, daga aljihunsa zai riƙa cikawa. Saboda haka ban ga dalilin da ƙaramin ɗan kasuwa zai sayar da alkawarin shekara guda ba. Wata ɗaya ya isa. Idan an saba, wata uku. In farashi zai canja, ka faɗa tun kafin wata ya kama, mai saye ya zaɓa ko zai ci gaba. Abin da aka riga aka biya kuwa, an gama. Ko kasuwa ta tashi, a kan tsohon farashi za ka kai.

Akwai tarko ɗaya da nake jin tsoro wa matasanmu. Ran ɗaya ga wata, alat ya yi ta shigowa. Mutum ashirin sun biya a yini guda. Ka duba asusu ka ga kuɗin da ba ka saba gani ba. Ɗan'uwana, ba naka ba ne tukuna. Bashin kaya ne. Sai ranar da buhu ya isa hannun mai shi, ribarka ta halatta. Kada ka sayi sabuwar waya da su. Kada ka zuba su a adashi. Ka sayi kayan da aka biya dominsu, ka ware kuɗin mota, abin da ya saura shi ne naka. Hausawa suka ce alkawari kaya ne. Wannan kayan, duk wata ake sake ɗora maka shi.

Mu juya ga wani ɓangare. Ƙofar fita.

Kowa a cikinmu ya taɓa sa kati a waya ya wayi gari an cinye. An sa shi a wani tsari da bai nema ba, waƙar kira ko saƙon da ba ya karantawa. Abin ya yi yawa har hukumar sadarwa ta NCC ta shiga tsakani, ta hana a sa mutum cikin tsari ba da yardarsa ba. Wannan ciwo bai warke a zukatan mutane ba. Da ka ce wa mutum za a riƙa cirar kuɗi daga asusunsa, abin da zai tuna ke nan. Ba a nan kaɗai ba. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta kai Amazon kotu, tana zargin kamfanin da wahalar da masu son fita daga tsarinsa na Prime. Idan babban kamfani irin wannan bai tsira daga tuhuma ba, ina ga mai shago a Kalgo, wanda suna ɗaya gare shi, kuma kowa ya san gidansu?

Shawarata ita ce, mai farawa kada ya yi gaggawar cirar kuɗi ta na'ura. Albashi yana makara. Rashin lafiya tana zuwa ba sallama. Ka tura saƙo kwana uku kafin rana. Ka ce, ranka ya daɗe, lokacin shinkafa ya yi, a kawo? Idan ya ce a kawo, ya tura kuɗi, ko daga wayarsa ko ta wurin mai POS. Idan ya ce a dakata wannan wata, ka ce to, Allah ya kai mu na gaba. Wanda da kansa ya nemi a riƙa cira, sai ka sa shi a tsarin na'ura. Shi ma ka nuna masa yadda zai tsayar tun ranar farko.

Dakatawa ba asara ba ce. Ɗalibai suna tafiya hutu. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya kai wata takwas. Da azumi cin gida yana canjawa. Ma'aikaci ana yi masa canjin wurin aiki. Wanda ka sallama da fara'a zai dawo, kuma zai zo da wani. Wanda ka riƙe da dabara, ranar da ya kuɓuce ba za ka ƙara ganin sa ba, kuma duk ofishinsu sai sun ji.

Lambobin wayar masu sayenka da adireshin gidajensu amana ne. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Ko babu doka, bai dace ka ba wani lambar matar aure don ta sayi daddawa a wurinka ba.

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi damuna.

Wa ke yin man shanun nan? Wa ke tashi da asuba ta kaɗa nono? Wa ke turara shinkafa, ta shanya, ta tsaya korar kaji da awaki har ta bushe? Iyayenmu mata ne, da yayyenmu, da matanmu. Yawancinsu ba su riƙe da babbar waya. Idan aka yi sakaci, yaro mai waya zai zama shi ne mai kasuwa, su kuma su koma masu yi masa aiki a farashin da ya ga dama. Wannan zalunci ne, ko da a cikin gida ɗaya aka yi shi. Ka zauna da su. Ka faɗa musu nawa ake sayarwa a Birnin Kebbi, nawa a Abuja. Ka faɗa musu kuɗin kwalba da na mota. A yanke rabon kowa a fili, da shaida. Tunda masu saye suna biya kafin kaya, su ma a biya su kafin aiki, su sayi itace da shanshera ba tare da cin bashi ba. Amfanin wannan ciniki ke nan na gaskiya. Inna ta san tun farkon wata cewa kwalba goma tata an riga an saye. Ba za ta yini a rana tana jiran mai tayawa ba. Kuma ita ce ta fi ka sanin watan wahala. Ta ga bazarar da ba ka gani ba. Idan ta ce ba za a iya ashirin ba, ka ji maganarta.

Ku kuma masu saye, kuna da naku. Ku fara da wata ɗaya ku gani. Ku tambayi wanda ya taɓa saye a wurin. Lambar sirrin katinku, da lambar da banki ke turowa a saƙo, kada ku faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ne mai shagon. Mai shagon gaskiya ba ya buƙatar su. Idan kaya sun zo da kyau, ku biya a kan lokaci. Akwai gidan da ke jiran kuɗin nan don cefane.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi mana halinsa. Matasan Dangoma da kewaye, wanda ke da niyya a cikinku, kada ya fara da buɗe shago a daren nan. Ya fara da zuwa wurin Inna ya tambaye ta abin da ake samu a tsakiyar bazara. Ya je tasha ya tambayi kuɗin kai buhu. Ya je wurin malam ya ji sharuɗɗan salam. Sannan ya nemi gida biyar, ya yi musu wata uku. Iyaye, idan yaro ya zo da wannan magana, ku saurare shi, ku kuma bincike shi. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dabbobinmu da fadamunmu.